Rijiyar Tudun Maɗaci

Tudun Maɗaci, kudu da Gozaki
Watan Sha'aban, 1287 bayan Hijira

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Daga Ladidi 'yar Ummaru zuwa ga ƙanen kakana, malamina, kuma tsohon angona da na baro a Ƙarfi, Malam Abdussamad. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yaya gwiwar nan taka? Yaya Kaka Hajo da 'yan makaranta? Mu nan ƙalau muke, ni da Shitu, wanda kake cewa ya sace maka mata. Ya ce in gaishe ka, wai in kana jin ƙarfi ka zo ka ƙwace.

Bayan haka, albishirinka. Mun sami ruwa!

Ka san gidaje tara ne suka biyo Shitu muka fito daga Gozaki, don gonakin bakin ganuwa sun gaji, auduga ko gwiwa ba ta kaiwa. Mai gari ya ba shi wannan daji da sharaɗi ɗaya: in damina mai zuwa ta zauna babu mutane a nan, ƙasa ta koma hannunsa. Ka ga ke nan saran da aka yi da kututturan da aka tumɓuke sun tashi a banza, sunan Shitu kuma ya zube. Daminar bana a rafi muka sha. Da aka gama yankan gero rafin ya fara tsinkewa, sai Shitu ya ɗauko Manu mai haƙar rijiya.

Gangaren manyan maɗatan nan ya kafa dagi. Ni ce mai kai masa fura, saboda haka a kan idona aka yi komai. Da farko jar ƙasa. Sai marmara mai taurin tsiya, dagi har tartsatsi yake yi. Sai wata farar ƙasa mai laushi, irin wadda muke shafe ɗaki da ita. Bai yi nisa a cikinta ba, zurfin ramin duka gaba uku da ɗan ɗori, ruwa ya ɓalle. Kafin ka ce me, ya kai masa ƙirji. Sai ji muka yi yana ihu daga ciki, "Ku fid da ni, jama'a, ni ba kifi ba ne!" Baba Rabe, wanda ya girme kowa a cikinmu, ya kurɓa, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ko zuma aka zuba?" Mata suka ɗauki guɗa. Shitu kuwa, ranar tafiyarsa ma ta sake.

Ka faɗa wa yaranka, wadda ka koya wa riƙe alƙalami yanzu da igiyar da ba ta fi ta ɗaure akuya ba take jan ruwa. Ku kuwa na Ƙarfi sai kun yi gumi.

Lawal mai fataucin auduga zai kawo maka wannan. Ka sa mana albarka.

Jikarka, Ladidi


Ƙarfi, cikin watan Azumi

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Abdussamad zuwa ga jikata, amaryata da ta gudu, Ladidi. Aminci ya tabbata a gare ki, ke da ɓarawon nan na gidanki. Gwiwa tana nan tana gardama da sanyin safiya, amma har yanzu ni ke da rinjaye. Hajo tana gaishe ki, ta ce ki daina leƙa rami kamar ba ki da uwa.

Takardarki ta same ni a tsakiyar yara. Na kasa haƙuri, na karanta musu ita daga farko har ƙarshe, sannan na zagaya da ita kowa ya ga rubutun. Na ce, "Ku dubi hannun nan. A kan wannan buzun ta koye shi, tana kuka tana lasar tawada." Na yi alfahari da ke. Na yi alfahari da Shitu ma, amma kada ki gaya masa, kansa zai kumbura.

To, gyara zama. Yau ma akwai karatu.

Kin tuna kwandon nan da nake cika muku da busasshiyar ƙasa a bayan makaranta, in sa ku zuba ruwa da ludayi, mu zauna jiran ya ɗigo ta ƙasa? Kina cewa tsoho ya rasa aikin yi. Ba rashin aiki ba ne. Tun ina saurayi nake leƙa rijiyar makarantar nan safe da yamma, don da ita ake wanke alluna, ga kuma abin da na gani. Ruwan sama in ya sauka, kashi uku yake rabuwa. Wani ya gudu rafi. Wani rana da itatuwa su ɗauke shi, ya koma inda ya fito. Na ukun ya nutse sannu a hankali, ya wuce saiwoyi, ya je can ƙasa ya kwanta tsakanin yashi da tsakuwa. Wannan na ukun shi ne ajiyar shekara, daga gare shi rijiya take sha.

Bana Allah ya yi mana damina mai kyau. Ba ma yawanta ba, irin zubarta. Marka ta daɗe, yayyafi a hankali kwana da kwanaki, irin wanda ƙasa take haɗiyewa ba ya samun damar gudu. Shi ya sa ajiya ta cika har wuya. A daidai wannan lokaci kuma Manu ya kafa dagi. Saman ruwan ya taɓa, Ladidi, bai ga gindinsa ba. Daga yau har wata damina babu mai ƙara wa ajiyar nan ko ludayi ɗaya, sai masu ragewa. Abin da ke hannunku yanzu rabin rijiya ne.

Saboda haka kada Shitu ya sallami Manu. Duk sanda ruwa ya ja da baya, a bi shi da dagi. Ke kuma ga aikinki: tunda kin san jar ƙasa da marmara da farar ƙasa, in kin je ɗiba ki riƙa duba inda bakin ruwa yake a jikin rijiyar, ki rubuto mini. Ina ɗokin ji kamar yaro.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya zaunar da ku lafiya.

Kakanki, Abdussamad


Tudun Maɗaci, ƙarshen ɗari, kafin watan Layya

Daga Ladidi zuwa ga Malam Abdussamad. Gaisuwa. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, Kaka Hajo tana lafiya. Mu ma lafiya, sai tari da ya zagaye yara, ya kuma wuce.

Malam, ka ba ni kunya. Da Lawal ya miƙo takardarka, don murna ban tsaya na duba ta ni kaɗai ba. Jama'a suka taru ƙofar gidanmu, na buɗe murya ina karantawa, Shitu yana gefe yana murmushi. Sai na zo kan "rabin rijiya". Da ma ƙasa ta tsage in shige. Baba Rabe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To, Shitu, mu da muke shan rabin ruwa, ashe rabin mutane ne." Shitu ya tashi ya shige gida. Mutumin da ya yi wata guda yana taya Manu haƙa, hannunsa yana jini a kan marmara, wannan ce sa albarkar da ya samu?

Amma na yi aikin da ka ba ni, don ka san ba na barin karatu. Ga abin da na gani. Azumi ya wuce, ƙaramar Salla ta wuce, ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Gidaje tara suna sha, da awaki, da jakai. Ruwan nan ko kamu ɗaya bai cika sauka ba. Yana nan kwance a cikin farar ƙasa, da safe har hayaƙi yake yi. Ina masu ragewar da ka ce?

Shitu ya sallami Manu, shi Manun ya tafi cin rani wajen Maska. Maza duk sun koma yin tubali. Ana ginin masallaci da zaure, don in mai gari ya aiko a duba, a ga gari ne ba zangon mafarauta ba. Da ruwan rabin rijiyar nan ake kwaɓa ƙasar.

Ko dai kishi ne, tsoho? In kishi ne ka faɗa, in aiko maka da ɗan wake ka huce.

Jikarka da ba ta gama hucewa ba, Ladidi


Ƙarfi, kwanakin Layya

Da sunan Allah. Daga Abdussamad zuwa ga Ladidi mai fushi. Aminci da gaisuwar Salla a gare ku duka. Muna lafiya. Hajo ta goyi bayanki, ta ce bakina ya fi alƙalamina kaifi, alƙalamin ma ba dama.

Ki ba Shitu haƙuri. Da na san a gaban jama'a za ki karanta, da na sa wa maganar riga. Ba aikinsa na raina ba. Wanda ya fasa marmara ya gama mai wuyar.

Amma kin faranta mini rai da abin da kika gani! Kamu ɗaya bai cika ba, kika ce, duk tsawon ɗari. Haka ne, haka ya kamata ya zama. Yanzu ki tambayi kanki dalili. Kin tuna in kika wanke allo da safiyar ɗari, kika jingine shi, sai a gama karin kumallo bai bushe ba? Allon nan dai in bazara ta yi, kafin ki koma mazauninki ya bushe ƙayau. Ƙasa ma allo ce babba. A cikin sanyi rana ba ta da ƙarfin ɗauka, itatuwa da yawa sun zubar da ganye suna barci, ba mai taɓa ajiya sai ku da awakinku, ku kuwa nawa kuke? Masu ragewar ba su tashi ba tukuna. Zafi ne yake tashe su.

Ki sa ido. Nan gaba kaɗan za ki ga itatuwa sun fitar da sabon ganye shar, alhali ko gajimare ba a gani ba. Daga ina suka sami ruwan? Daga ƙarƙashin rijiyarku. Za ki ga kuma da asuba ruwa ya ɗan taso, da la'asar ya faɗa. Abin da ɗari ya yi wata uku bai ɗauka ba, bazara za ta kwashe shi cikin 'yan makonni.

Masallaci abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma ƙarfin maza na rani ɗaya ne, in an zuba shi duka a tubali babu na dagi. A nemo Manu tun yanzu.

Ɗan waken kuma ina jira.

Na ba Lawal wannan. Ya ce zai biya ta wajenku kafin ya wuce Zazzau.

Kakanki, Abdussamad


Tudun Maɗaci, farkon watan Gani, 1288

Daga Ladidi zuwa ga kakana Malam Abdussamad. Gaisuwa da neman gafara. Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba lafiya ba.

Kaka, ka yi fushi da ni ne? Layya ta wuce, Cika-ciki ya wuce, Safar ya wuce, ban ga rubutunka ba. Lawal ma ban sa shi a ido ba. Na san na yi maka rashin kunya. Ka zage ni in kana so, amma kada ka yi mini shiru yanzu.

Zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba. Bayan Layya ruwa ya fara gudu kamar ana korarsa. Ya bar farar ƙasa, ya bar mu da taɓo. Mata muna layin zama a bakin rijiya, kowa da tulunta, a jira ya tsattsafo a kwasa da ƙoƙo. Da asuba a ɗan samu, da la'asar sai laka. Abin haushi, itatuwan da ke kanmu sai sabon ganye suke yi kamar suna mana dariya. Shitu ya tafi da kansa har wajen Maska ya dawo da Manu. Aka ƙara gaba ɗaya, aka ɗan sami sauƙi, ruwa ya sake ja.

Sai ga hadari. Ruwan fari ya sauka kamar da bakin ƙwarya, yara suna tsalle a cikinsa, manya suna hamdala. Gari na wayewa maza suka watse gona da iri. Ka san al'ada, in ruwan fari ya sauka an rufe aikin rijiya, ba mai sake shiga rami sai wani rani. Ni kuwa da gudu na tafi, ina cewa yau guga zai nutse. Kaka, ruwan rijiya ƙara sauka ya yi. Aka yi ruwan sama na biyu, ya fi na farko ƙarfi, rafi ya yi gudu yini ɗaya ya koma yashi. Rijiya ta ƙara yin ƙasa.

Baba Rabe ya tara mutane. Wannan karon ba dariya. Ya ce shi ya ga rijiyar da ta ƙafe da rani, amma rijiyar da sama take zuba tana ƙin karɓa, wannan wurin ne ba ya son mu. Ya ce gara a koma Gozaki tun da sauran lokacin shuka dawa, ko a gonar aro ce. Gidaje biyar sun bi bayansa, sauran suna kallon ƙasa. In suka tafi mu ma ba mu iya zama. Shitu ya daina cin abinci, sai ya je ya zauna cikin sabon zauren nan shi kaɗai.

Gaya mini gaskiya, wurin ne? Buba mai kanwa zai bi ta Ƙarfi, na roƙe shi ya tsaya ya karɓo amsa.

Jikarka, Ladidi


Ƙarfi, cikin watan Gani

Da sunan Allah Mai buɗi. Daga Abdussamad zuwa ga jikata Ladidi. Aminci. Muna lafiya, ba zan tsawaita gaisuwa ba, Buba yana tsaye a ƙofa da jakinsa.

Fushi? Ni da ke? Tun Layya na ba ki amsa. Sai yanzu nake jin Lawal bai biya ta wajenku ba, ya wuce Zazzau, ciwo ya kwantar da shi a can, takardata tana cikin jakarsa. Na yi baƙin ciki ƙwarai.

Ki saurara da kyau. Ba wurin ba ne. Wurinku lafiyarsa ƙalau. Abin da rijiyarku ta yi, ta makarantar nan ma shi take yi duk shekara, sai dai mu da yake tamu tana da zurfi ba mai lura.

Ƙasar da ta sha zafin bazara ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan fari kuma da ƙarfi yake zuwa, rabinsa ya gudu rafi kafin ƙasa ta buɗe baki. Ɗan abin da ya shiga, ƙasar sama mai ƙishirwa ta riƙe shi, gobe rana ta fito ta karɓi nata, saiwoyi su karɓi nasu. Rijiya ita ce ƙaramar gida, sai kowa ya ƙoshi akushi yake isowa gabanta. Kafin nan kuwa zafi bai daina ja daga ƙasa ba. Shi ya sa ranar da ruwan rijiya ya fi nisa a shekara ba kafin ruwan fari take zuwa ba, bayansa take zuwa.

Kin ga abin farin cikin? Yanzu ne gindin ruwan yake a fili! Duk inda dagi ya same shi a kwanakin nan, kun sami wurin da zafin shekara guda bai iya kaiwa ba. Kada a jira rani. A shiga yanzu.

Ki je wurin Rabe da ladabi, dattijo ne, tsoronsa na iyali ne. Kada ki yi masa dogon bayani. Ki sa a haƙa rami a gona a gabansa, ya ga inda laima ta tsaya da idonsa.

Da gwiwar nan za ta kai ni, da ni zan zo maimakon takarda. Allah ya riƙa muku.

Kakanki, Abdussamad


Tudun Maɗaci, tsakiyar marka

Da sunan Allah, da godiya gare Shi. Daga Ladidi zuwa ga angona na fari, Malam Abdussamad. Gaisuwa mai tarin yawa, kai da Kaka Hajo da yara. Muna lafiya. Shitu yana cin tuwo malmala uku, sai na ɓoye tukunya.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, shekaranjiya. Buba ruwa ya tare shi a Malumfashi, ya ce shi ma yana da gona, ya tsaya ya yi shuka har da noman fari. Lawal kuma ya warke, sun haɗu a hanya, suka shigo tare kowa yana ba da haƙuri. Na karanta ni kaɗai tukuna, na koyi hankali. Na yi dariya, na yi kuka. Bari ka ji abin da ya faru kafin su zo.

Bayan tafiyar Buba aka sake yin ruwa da iska, ta tumɓuke turken akuyata. Da safe na ɗauki dagi zan sake kafa shi. Ina haƙa ina kwashe ƙasa da hannu, jiƙaƙƙiya, jiƙaƙƙiya, hannuna ya shige har gwiwa, sai na damƙo wani abu kamar garin tuwo. Busasshiyar ƙasa, Kaka, ko alamar laima babu! Na zauna daɓas. Kwandon nan naka ya faɗo mini a rai, yadda muke zuba ludayi bayan ludayi ƙasa tana shanyewa, gindin kwando a bushe, har mu gaji mu fara tsokanar juna, sannan ɗigo na fari ya faɗo.

Na ƙulle garin a bakin zane, na nufi gidan Baba Rabe. Na tarar ya ɗaure kaya, yana ɗora wa jaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, buɗe hannunka."

Ya ce, "Me kuma, jikar malam? Ɗaya rabin aka aiko?"

Na zuba masa. Ya murza, ya hura, ya ce, "Wannan ai ƙasar rani ce. Daga ina?"

Na ce, "Daga ƙarƙashin ruwan jiya."

Ya ce in bar yi masa wasa, shi ba kakana ba ne. Na ce ya zaɓi duk inda ya ga dama a gonarsa. Ya zaɓi kwari, inda ruwa ya kwanta. Aka kira Shitu ya haƙa, mutane suka taru. Laima, laima, sai ga gari ya fito a bakin dagi. Na ce, "Baba, ruwan da ka ce rijiya ta ƙi karɓa, ko ganinsa ba ta yi ba. Ga inda ya tsaya. Yana kan hanya."

Baba Rabe ya leƙa ramin. Ya ce, "To yaushe zai isa?"

Na ce, "Allah ne masani. Amma in muka bi na ƙasan muka same shi yanzu da ya fi kowane lokaci nisa, ina kuma zai gudu?"

Ya ce, "Wa zai ja ƙasa? Maza suna shuka. Ba a shiga rijiya bayan ruwan fari, haka muka tarar."

Sai matarsa Tsohuwa ta yi magana daga bayan mutane: "Mu da muke jan ruwa tun muna 'yan mata, ƙasa ce za ta gagare mu? Sauke kayan nan, Malam. Ni ba inda za ni, na gaji da ɗaure tukwane."

Manu ne ya so ya ƙi. Ya ce ba don komai aka hana ba sai don bango in ya jiƙa yana ruftawa, shi kuma yana da 'ya'ya. Gaskiyarsa. Shitu ya ɗaura igiya ya fara shiga, ya dudduba bangon, ya ce daga marmara zuwa ƙasa a bushe yake kamar rumbu. Aka kwaso ragowar tubalin masallaci aka ɗaga bakin rijiyar don kada ruwan gudu ya shiga, aka kafa rumfa a kai. Ka ga tubalin ma ya yi rana. Maza suka koma gona, Manu yana ciki, mu mata muna igiya, Tsohuwa a gaba tana ba da waƙa. Tafin hannuna har yau bai gama warkewa ba, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ƙarƙashin farar ƙasa muka sami wani ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli, yana marmashewa a hannu. Manu ya shige shi sosai. Nan ruwa ya fara tsattsafowa ta kowane gefe, ba da hauka irin na kaka ba, a hankali, amma ko an kwashe sai ya dawo. Da la'asar ma yana nan. Baba Rabe ya sauke kayansa, ya shuka dawarsa a nan. Ba gida ɗaya da ya tafi.

Ruwan sama kuwa ya yi ta zuba, rijiya ko motsi. Sai da marka ta kama, gero ya rufe mutum, wata safiya na saki guga na ji ya faɗa tun igiya ba ta ƙare ba. Yanzu ya hau har farar ƙasa. Jakadan mai gari ya zo, ya yi salla a masallacinmu, ya sha ruwanmu, ya koma.

Ga gora nan cike da ruwan rijiyarmu na ba Lawal, na toshe bakinta da kyau. Na ce in ya sake wucewa Zazzau da ita, kada ya dawo ƙasar nan. Ɗan wake ba ya tafiya, sai ka zo.

Jikarka, Ladidi


Ƙarfi, watan Rajab

Da sunan Allah da ya saukar da ruwa ya kuma ajiye shi. Daga Abdussamad zuwa ga malama Ladidi ta Tudun Maɗaci. Aminci ya tabbata a gare ki, da Shitu, da Malam Rabe, da Tsohuwa shugabar igiya, da Manu. Muna lafiya. Gwiwa ta ji labari ta yi sauƙi da kanta.

Na zauna na rubuta miki abin da za ki yi, ina gumi, ina ganin in takardata ba ta isa ba gari ya watse. Ashe kina can kin riga kin yi, har kin fi ni, don ni ban yi tunanin bangon ba, ban kuma yi tunanin mata ba. Shekara da shekaru ina cika kwandon nan da ƙasa yara suna mini dariya a ɓoye. Yau na san ba a banza ba. Hajo ta ce tun da ta aure ni ba ta ga ina karanta takarda ɗaya ina maimaitawa haka ba, har maƙwabta sun haddace maganar Tsohuwa.

Karatu bai ƙare ba fa. Ki ci gaba da dubawa. Za ki ga ko an ɗauke ruwan sama, rijiya za ta ɗan ƙara hawa, don na kan hanya bai gama isowa ba. Sannan ta tsaya, sannan ta fara sauka. Shekarar da aka yi ruwa mai ƙarfi amma gajere, ko bazara ta yi tsawo, za ta sauka fiye da bana. Kada ki tsorata, kada kuma ki saki jiki. Ki nuna wa 'yan matan garin su san jar ƙasa da marmara da fara da mai ƙyalli, yadda kika san su.

Yanzu wannan sashen a gaban jama'a za ki karanta shi, a cikin zauren Shitu, da babbar murya, Malam Rabe yana kusa. Ni Abdussamad na Ƙarfi na shaida rijiyar Tudun Maɗaci cikakkiya ce. Maza suka haƙa rabi da kaka, mata suka ja rabi da damina. Wanda ya sace mini mata kuma na yafe masa, ya riƙe.

Gora ta iso lafiya. Na kurɓa, Hajo ta kurɓa, yara suka yi ta rigima sai da kowa ya sami ɗigo a tafin hannu. Ɗan abin da ya rage ban bari an shanye ba. Tawadata ta bushe a kwalba tun bazara ina ta lallaɓa ta, sai na zuba mata shi. Ki dubi baƙin nan da kyau, Ladidi. Ruwanku ne ya dawo gida.

Kakanki mai alfahari da ke, Abdussamad